ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA DA DOKAR HUKUMA: A TILASTA ISNADI, A BAR WA MALAMAI MATANI

(Matanin laccar da aka gabatar a garin Mahuta, Ƙaramar Hukumar Fakai, Jihar Kebbi)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali da magana, Ya kuma ɗora masa amanar harshensa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Mas'alar da aka ɗora mana mu yi magana a kanta yau ita ce ta wannan fasaha da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda Larabawa ke ce wa azzaka'ul isɗina'i, da kuma matsayinmu game da yunƙurin da gwamnatoci ke yi na kafa mata doka. Mun san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan Mahuta da wannan zance, alhali manomi na tsoron zuwa gonarsa, wutar lantarki kuma sai an ga dama? Amsarmu ita ce, duk wanda ke da waya a aljihunsa a cikin wannan majalisi, to abin ya riga ya shigo gidansa, ko ya yi masa sallama ko bai yi ba.

Bari mu fara da siffanta abin, domin malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yi wa abu hukunci sai an fahimci surarsa. Nau'in da muke nufi shi ne mai ƙaga rubutu da murya da hoto. Duniya ta farga da shi a watan Nuwamba na 2022, lokacin da wani kamfanin Amurka ya fito da ChatGPT, daga nan sauran kamfanoni suka biyo da nasu. Yadda yake aiki shi ne, ana ɗura wa kwamfuta rubuce-rubucen mutane masu yawan da ba mai iya karance su a rayuwarsa, sai ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Idan ka tambaye ta, sai ta riƙa jero kalmomin da suka fi dacewa da juna, ɗaya bayan ɗaya, har magana ta tashi. Sau da yawa maganar kan fito daidai, domin abin da ta koya daga gare shi daidai ne. Amma idan ta rasa, ba ta cika yin shiru ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin lafazi mai daɗi da natsuwa irin ta wanda ya sani. A 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da na'urar ta ƙaga musu, da sunaye da lambobi, alhali ba a taɓa yin su ba. Mu ma mun jarraba ɗaya daga cikin na'urorin nan da wata mas'alar gado, ta kawo mana wani lafazi ta ce hadisi ne, ta ambaci littafi da lamba. Muka buɗe littafin, muka tarar lambar tana magana ne a kan wani babi daban, lafazin kuwa ba mu gan shi ba ko kusa. Da muka mayar mata, sai ta ba da haƙuri, ta sake kawo wata lambar, ita ma ba ita ba ce.

Wannan na rubutu ke nan. Na murya ya fi shi haɗari a wurinmu, domin mu al'umma ce ta ji da kunne. A yau ana iya ɗaukar ɗan guntun karatun malami, a koya wa na'ura muryarsa, sannan a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, da kakinsa da numfashinsa. Malaminmu da ya rasu shekara talatin da suka wuce ana iya tayar da muryarsa ta yi fatawa a kan zaɓen gobe. Wanda bai iya karatu ba zai iya kauce wa ƙaryar jarida, amma yaya zai yi da muryar da ya sani tun yana yaro?

Ya 'yan'uwa, wannan cuta ba baƙuwa ba ce ga mai karatun hadisi. Al'ummar nan ta taɓa fuskantar masana'antar ƙarya tun ƙarni na farko da na biyu. Malaman tarihi sun ambaci Abdulkarim ɗan Abil Auja, wanda aka kashe a Kufa a zamanin Halifa Mansur, cewa ya yi iƙirarin ya ƙaga hadisai 4,000 yana halatta haram yana haramta halal. Sun ambaci Nuhu ɗan Abi Maryam, wanda aka ce ya ƙaga falalar surori ɗaya bayan ɗaya, wai don ya ga mutane sun shagala da fiƙihu da tarihi sun bar Alƙur'ani. Ku lura da na biyun nan, niyyarsa a ganinsa kyakkyawa ce, kamar dai yaron da zai haɗa muryar malami ta ƙarya yau don ya kare aƙidarsa. To me magabata suka yi? Ba su hana ruwaya ba. Sun tilasta wa mai ruwaya ya faɗi daga wa ya ji. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa bayanin Muhammadu ɗan Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, mai nuna cewa da farko ba a tambayar mazajen ruwaya, sai da fitina ta auku aka fara neman a ambace su. Daga nan ilmin isnadi ya tsiro, da ilmin sanin mazaje, da jarhu da ta'adili, har ya zama abin da wannan al'umma ta keɓanta da shi. Kowane hadisi sai ya kasu biyu, isnadi wato sarƙar waɗanda suka kawo shi, da matani wato maganar kanta. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin a kansu muka gina duk abin da za mu faɗa. Abin da na'urar nan ke fitarwa matani ne tsantsa, mai kyan tsari, ba shi da isnadi ko na mutum ɗaya.

Kada kuma a ɗauka ɓarnar za ta tsaya a kan fatawa. A watan Yuni na 2018, a Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa ga abin da wata ƙabila ta yi wa wata, alhali wasu hotunan ba ma daga Nijeriya aka ɗauke su ba. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar da ta ci rayukan matafiya a kan hanya, kuma sashen bincike na BBC ya fitar da rahoto a kan haka a wannan shekarar. Waɗancan tsofaffin hotuna ne aka sauya musu labari, mai bincike zai iya gano asalinsu. Yau ana iya ƙaga hoton da ba shi da asali kwata-kwata. A jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na 2023 an yaɗa wani sauti da aka jingina wa wasu manyan 'yan siyasa wai suna shirya maguɗi, masu tantance labarai suka ce haɗa shi aka yi. Yanzu ku dubi ƙasarmu ta Zuru. Musulmi da Kirista da masu al'adar gargajiya a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga ciwon 'yan bindiga bai warke ba: a watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga. A irin wannan ƙasa da zukata ke a tsorace, murya ɗaya ta ƙarya da aka jingina wa wani hakimi ko limami ko fasto, aka saka a WhatsApp da daddare, ta isa ta sa a wayi gari da gawa a kasuwa kafin mai muryar ya ji labari.

Shin wannan na nufin fasahar haramun ce? A'a. Asalin abubuwan amfani halacci ne, kayan aiki kuma yana ɗaukar hukuncin abin da aka yi da shi. Muna da darasi a tarihin maɗaba'a. Turawa sun fara buga littattafai tun tsakiyar ƙarni na 15, amma Daular Usmaniyya ba ta ba Musulmi izinin kafa maɗaba'a ba sai 1727, a hannun Ibrahim Mutafarriƙa, shi ma da sharaɗin kada ya buga littattafan addini. Tsoron kuskure a cikin nassi tsoro ne mai dalili, amma jinkirin ya yi mana tsada, kuma a ƙarshe da maɗaba'ar aka yaɗa Alƙur'ani da tarjamarsa ta Hausa har cikin ƙauyukanmu. Maganin da aka samu shi ne kwamitin tantancewa, kamar yadda ake yi a maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da nata samfurin mai suna N-ATLAS, wanda aka shirya don Hausa da Yarbanci da Ibo. Idan irinsa zai fassara wa manomi bayanin taki ko ya karanta wa makaho wasiƙa, wannan alheri ne, ba mu da ja.

To yanzu ga tambayar: shin hukuma na da haƙƙin sa hannu? Muna cewa tana da haƙƙi, har ma wajibinta ne. Wannan babin hisba ne, wanda Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya yi wa littafi sukutum, kuma Shehu Abdullahi na Gwandu, a nan jiharmu, ya bayyana nauyin da ke kan shugaba a Diya'ul Hukkam. Mai hisba shi ke duba mudu da sikeli, ya hana algus a kasuwa. Wanda ya sayar maka da muryar na'ura a matsayin muryar mutum, algus ya yi maka, ya fi mai zuba ruwa a nono muni. Halifa Usmanu (RA) ya tara mutane a kan mushafi ɗaya ya sa aka ƙone sauran, Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazmi a Madina ya tattara hadisai don gudun ɓacewar ilmi. Duk wannan hannun hukuma ne wajen tsare asalin nassi.

Ƙasashen duniya sun kasu. Tarayyar Turai ta yi cikakkiyar doka wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta karkasa na'urorin gwargwadon haɗarinsu, ta haramta wasu ayyuka ɗungurungum, ta wajabta a bayyana cewa hoto ko murya na'ura ce ta haɗa, ta kuma sa tarar da za ta iya kai yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Sin ta riga su, da ƙa'idojin da suka fara aiki a watan Agusta na 2023, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta tilasta sanya alama a kan duk abin da na'ura ta ƙaga. Amurka kuwa Shugaba Biden ya ba da umarni a Oktoba 2023, Shugaba Trump ya soke shi a Janairu 2025, abin da ke nuna mana cewa kariyar da ta rataya a kan alƙalamin mutum ɗaya tana tafiya tare da shi. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Akara a Yuli 2024.

A nan gida, akwai hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa, wadda a ƙarƙashinta aka buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira a Abuja a 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. A Agusta 2024 ma'aikatar Minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa game da wannan fasaha, a shekarar kuma aka gabatar wa Majalisar Tarayya ƙudirin tattalin arzikin zamani da gudanar da mulki ta intanet. Masu cewa Nijeriya ba ta isa ta taɓa manyan kamfanonin waje ba, su tuna cewa a Yuli 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, kotun ɗaukaka ƙara ta musamman kuma ta tabbatar da tarar a Afrilu 2025. Ashe idan an so, hannu na kaiwa.

Sai dai fa, ya 'yan'uwa, a nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan, domin mu masu da'awa mun san ɗanɗanon doka fiye da kowa. Hukumar da ta tara mutane a kan mushafi ɗaya, irinta ce a shekara ta 218 bayan hijira, zamanin Ma'amun, ta ce sai kowane malami ya yarda Alƙur'ani halitta ne, aka ɗaure Imam Ahmad, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, ba a ɗauke fitinar ba sai zamanin Mutawakkil. Mene ne bambancin aikin Usmanu da aikin Ma'amun? Usmanu ya tsare asalin nassi bisa shawarar sahabbai, Ma'amun kuwa ya shiga cikin ma'ana ya ce ra'ayin fada shi ne aƙida. Na farko ya yi hidima ga isnadi, na biyu ya ƙwace matani.

Tarihin ƙasarmu cike yake da dokokin da aka yi da sunan kashe ƙarya suka ƙare a wuyan masu gaskiya. Doka ta 4 ta 1984 ita ta ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A wannan shekarar ce Jihar Kaduna ta yi dokar wa'azi bayan rikice-rikicen Maitatsine, kuma kowa ya san cewa takardar izinin wa'azi takan zama sanda a hannun wanda ke kusa da gwamnati a kan wanda ke nesa. A 2019 Sanata Muhammad Sani Musa ya kawo ƙudirin hana ƙarya a intanet, jama'a suka yi masa ca saboda ikon da zai ba jami'an tsaro. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an rufe Twitter baki ɗaya. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 an yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024. A maƙwabciyarmu Jihar Neja, a Satumba 2025, an ji gwamna yana cewa masu huɗuba su riƙa kawo huɗubarsu a duba kafin su hau mumbari. Ita ma dokar Sin da ake yabo, a cikinta an wajabta wa na'urorin su bi aƙidar gurguzu ta jam'iyya mai mulki. Wanda ya ce mu kwafo ta dukkanta, ya tambayi Musulmin Uigur yadda ido na na'ura yake idan ya koma hannun hukuma.

Saboda haka matsayinmu shi ne, doka ta bi isnadi, ta bar matani. Ta tilasta wa kamfani ya sa alamar da ba ta gogewa cikin sauƙi a kan duk murya da hoton da na'urarsa ta haɗa, kuma alamar ta zo da Hausa, a cikin sautin ma a faɗe ta da baki, domin rubutun Turanci a gefen hoto ba ya amfanar tsohuwar da ke Bajida ko Dirin Daji. Ta sanya muryar mutum da fuskarsa cikin haƙƙoƙinsa, ta yadda wanda ya ƙaga su ba da izininsa ba zai fuskanci hukunci, idan kuma ya rasu magadansa su tsaya masa. A nan muna tuna 'yan'uwanmu mata musamman, domin haɗa hoton tsiraici da fuskar 'yar mutane ƙazafi ne da sabon alƙalami, ya isa ya kashe aure ya hana wani. Ta wajabta wa dandamali su ɗauki ma'aikatan da suka san Hausa da C'lela da sauran harsunanmu, su cire abin da aka tabbatar ƙagagge ne cikin gaggawa. Sannan mai yanke hukunci ya zama alƙali a kotu a bainar jama'a, kada ya zama wani jami'i a ofis wanda gwamna ke iya kira a waya.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a fake da na'ura a ba wata hukuma ikon cewa wannan fassarar aya ce karɓaɓɓiya waccan ba karɓaɓɓiya ba, ko a ce duk sautin da ya soki gwamnati ƙagagge ne har sai mai shi ya wanke kansa. Wannan ƙofa ta biyu tana da haɗari ƙwarai, domin yanzu azzalumin da aka ɗauki muryarsa da gaske yana karɓar rashawa ya sami mafaka, sai ya ce ai na'ura ce. Haka nan ba mu yarda a toshe layin waya a ce an yi maganin ƙarya ba. An toshe a Zamfara a Satumba 2021 saboda tsaro, kuma mutanen da ke bakin iyaka sun ga yadda ɗan kasuwa da mai haƙuri a asibiti suka ɗanɗana.

Akwai mai cewa, ai alama ana iya cire ta, mugu kuma ba ya bin doka. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce doka ta wadatar ba. Ƙudirin da aka gabatar a Abuja zai daɗe bai iso Mahuta ba, ko ya iso ba zai shiga wayar kowa ya tsaya gadi ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ɗora mana binciken labari kafin aiki da shi, ba ta jira majalisa ba. Malaman duniya ma sun farga, domin a Agusta 2025 Darul Ifta ta Masar ta yi taronta na ƙasa da ƙasa a Alƙahira a kan mufti a zamanin wannan fasaha. Na'ura za ta iya nuna wa ɗalibi inda zai duba, amma ba ta da adalci ko kiyayewar da ake nema ga mai ruwaya, ba ta san halin mai tambaya ba, ba kuma za ta tsaya gaban Allah a kan fatawarta ba. Saboda haka duk abin da ta ce hadisi ne, hukuncinsa hukuncin abin da aka tsinta a hanya, sai an buɗe littafi an gani.

Muna kira ga kwamitocin masallatanmu da makarantun Islamiyya na wannan yanki su fara abin da ke hannunsu tun yanzu. Kowane karatu da aka ɗauka a rubuta ranarsa da wurinsa da sunan wanda ya ɗauka, a ajiye cikakkensa a wurin amintattu biyu ko uku, a ambaci kwanan wata da baki a farkon ɗauka. Tsofaffin kaset-kaset na malamanmu da ke cikin akwatuna a kwafe su a yi musu rajista tun waɗanda suka halarci majalisan suna raye, domin su ne mazajen isnadinmu. Duk wanda aka turo masa guntun sauti na minti ɗaya, ya tambayi wanda ya turo daga ina ya samu, ina cikakken karatun, kafin yatsansa ya taɓa wurin turawa. Idan sautin ya shafi wani mutum a garin nan ko wata ƙabila ko wani addini, a kai shi ga limami da mai unguwa su nemi mai muryar ido da ido. Kuma idan wakilanmu na Majalisar Tarayya suka zo gida, mu tambaye su abin da ƙudirin ya ce game da muryar mamaci, da harshen da za a sa alama da shi, da wanda zai riƙe ikon hukunci, mu ba su matsayinmu a rubuce da sa hannun malaman Fakai da Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba.